Yadda Ake Haɗa Kwamfuta da Lasifika, Kibod, Firinta da Wayar Hannu Ba Tare da Kebul Ba

Ranar wata Asabar da hantsi wani malamin Islamiyya na unguwarmu ya shigo shagona, laftof a hammata, ɗansa na biye da shi ɗauke da lasifikar nan mai caji da ake kira MP. Washegari suke saukar karatu, ana so a sa ƙira'a kafin baƙi su gama taruwa, amma tun dare kwamfutar ta ƙi ganin lasifikar. Har ya yanke shawarar mayar da ita wurin wanda ya sayar masa. Na kunna ta, muryar macen nan ta yi 'yar maganarta da Turanci, kafin in ɗauke hannu sai ta yi ƙara, alamar ta kama wani abu. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wa ya yi amfani da ita na ƙarshe?" Malam ya waiwaya. Yaron ya sunkuyar da kai, ya zaro waya daga aljihu. Yana kashe Bluetooth ɗin wayarsa, sunan lasifikar ya bayyana a kwamfutar.

Mafi yawan abin da ake kawo mini da sunan ya lalace, irin wannan ne. Na'urar lafiyarta lau, wani take riƙe da shi, ko kuma ba a sa ta a halin neman sabon aboki ba. Don haka kafin mu taɓa madanni ko ɗaya, sai mu fara da wannan. Kuma da yake a Hausa waya ce wadda ake kira da ita, waya ce wadda ake jonawa, zan riƙa cewa kebul idan ina nufin ta jonawa. Sunayen da ke fitowa a allon kwamfuta kuwa zan rubuta su yadda za ka gan su, da Turanci.

Sanayya daban, haɗuwa daban

Na'urori biyu masu Bluetooth ba sa magana da juna sai sun ƙulla sanayya. Sau ɗaya ake yin wannan: kowacce ta karɓi wani mabuɗi na sirri daga ɗayar ta adana. Daga nan duk lokacin da aka kunna su kusa da juna, da kansu suke haɗuwa, ba sai an sake gabatar da su ba. Lasifika tana iya riƙe sanayya da wayoyi da yawa a ƙwaƙwalwarta, amma yawancin masu sauƙin kuɗi da abu ɗaya kawai suke haɗuwa a lokaci guda, kuma da an kunna su wanda suka rabu da shi na ƙarshe suke fara nema. In sun same shi, sun rufe ƙofa ke nan, kwamfutarka ko ta kwana tana lalube ba za ta gan su ba.

Sunan Bluetooth ma daga wannan aiki na haɗa kai ya samo asali. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikin a 1994, sannan a 1998 ya haɗu da Nokia da IBM da Intel da Toshiba suka kafa ƙungiyar da ke kula da tsarin har yau. Suka ara masa laƙabin Sarki Harald na Danmak, mai shuɗin haƙori, wato Bluetooth da Turanci, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa a ƙarni na 10. 'Yar alamar nan mai kusurwoyi da kake gani a saman wayarka, haruffan farko ne na sunansa da laƙabinsa aka sarƙa, a tsohon rubutun mutanen yankin.

Ka riƙe abu biyu game da yadda saƙon ke tafiya, za su yi maka amfani a gaba. Na farko, ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai. Irin wanda ke cikin yawancin wayoyi da iyafis mita 10 aka ƙiyasta masa, a fili, ba bango a tsakani. Na biyu, a zangon rediyo na gigahaz 2.4 yake tafiya, inda Wi-Fi da injin ɗumama abinci da linzamin kwamfuta marar kebul duk suke cunkushe. Dabarar da yake yi don kauce musu ita ce tsalle tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a kowace daƙiƙa. Yana ƙoƙari, amma in cunkoson ya yi yawa dole ka ji sauti na yankewa.

Fara da duba ko kwamfutar tana da shi

Kada ka ɗauka kowace kwamfuta na da Bluetooth. Laftof na zamani kusan duk suna da shi, amma manyan kwamfutocin kan tebur na hannu da muke cika shaguna da su, da yawa babu.

Danna madannin Windows tare da harafin I, Settings zai buɗe. A Windows 11 shiga Bluetooth & devices, a Windows 10 kuwa Devices. Idan ka ga makunnin Bluetooth, kunna shi, ka wuce gaba. Idan babu, kada ka yi saurin yanke hukunci. Duba ko alamar jirgin sama a kunne take, domin tana kashe duk wata hanyar sadarwa marar kebul. Tsofaffin laftof kuma wasu na da ɗan makunni a gefe ko a gaba, wasu sai an danna Fn tare da madannin da aka zana wa eriya.

In duk ka yi wannan shiru, danna Windows da X, zaɓi Device Manager. Ka ga Bluetooth a jerin? To akwai shi. Ka ga wani abu mai alamar ruwan ɗorawa, an rubuta ba a san ko mene ne ba? Sau da yawa shi ne, manhajar da ke tuƙa shi ce babu, wadda masu gyara ke kira direba. Wannan ya fi faruwa bayan an yi wa kwamfuta fomatin, mai gyaran ya sa Windows ya miƙo maka ba tare da ya ƙarasa aikin ba. Haɗa ta da intanet ka bar Windows Update ya yi aikinsa, ko ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta ka nemo da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta.

Idan kuwa da gaske babu, magani ɗan ƙaramin abu ne kamar kan filasha, ana cusa shi a ramin USB. A wurin masu kayan kwamfuta ka ce dongul na Bluetooth kake so, kuma ka nemi mai lamba 5.0 ko sama. Windows 10 da 11 kan gane yawancinsu da kansu.

Lasifika da iyafis

Nan ne aka fi shan wahala, don haka bari mu bi a hankali.

Ka fara da caji. Lasifikar da batirinta ya kusa ƙarewa takan kunnu, ta yi magana, amma ta kasa riƙe haɗin. Sannan ka kashe Bluetooth a duk wayar da ta taɓa haɗuwa da ita, taka da ta maiɗakinka da ta yara, har da ta maƙwabcin da ya are ta ranar suna idan ɗakinsa na jikin naka.

Yanzu kunna ta. Irin MP ɗin nan masu rediyo da ramin memori da na filasha suna da madanni mai harafin M, shi ke juya ta daga wannan aiki zuwa wancan. In akwai memori a ciki, kai tsaye can za ta nufa, sai ka danna M har ka ji ta ambaci Bluetooth. Wasu lasifikokin suna da madanni na musamman mai alamar Bluetooth, shi za ka danne. Iyafis na wuya da na ɗorawa a ka kuwa, a kashe za ka same shi, ka danne madannin kunnawa, kuma kada ka saki don ka ji ya kunnu. Ci gaba da dannewa kamar daƙiƙa biyar zuwa bakwai har fitilar ta fara ƙiftawa da sauri, a wasu shuɗi da ja bi da bi. Wannan saurin ƙiftawar shi ne alamar yana neman sabon aboki. Ƙiftawa a hankali, jefi-jefi, tana nufin tsohon abokinsa yake jira ko ma ya same shi. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su saki madannin da wuri.

Ƙananan na cusawa a kunne masu zuwa cikin akwati, yawanci buɗe murfin ko fito da su ya isa, matuƙar ba su kama wata waya ba. Yawancin AirPods na da ɗan madanni a bayan akwatin: bar su a ciki, buɗe murfin, danne shi har fitilar ta riƙa ƙifta fari. Suna aiki da Windows da Android, ba dole sai iPhone ba.

Koma kan kwamfuta ba tare da ɓata lokaci ba, domin na'urar ba ta daɗewa a wannan hali, bayan 'yan mintuna takan gaji ta koma yadda take. A shafin Bluetooth na Settings danna Add device (a Windows 10 Add Bluetooth or other device), a akwatin da zai fito zaɓi na farko, Bluetooth. Jira sunan ya fito. Kada ka sa ran ganin sunan da ke jikin kwali, sau da yawa wasu haruffa ne da lambobi, ko sunan wani kamfani daban da bai yi kama da wanda ka saya ba. In kana shakka, kashe lasifikar ka ga wane suna ne ya ɓace. Danna sunan, ka jira a rubuta Connected. Tsofaffin na'urori kan nemi lambar sirri, gwada 0000, in ta ƙi 1234.

Saura abu ɗaya da ke sa mutum ya ɗauka bai yi nasara ba: an haɗu, amma sauti na fita ta cikin laftof. Danna alamar lasifika da ke kusa da agogo a ƙasan allo, buɗe jerin wuraren fitar sauti, zaɓi sunan taka. Ka kuma tuna ƙarar gida biyu ce, ta kwamfuta da ta jikin lasifikar. Ɗaya na ƙasa, ɗayar ko ta kai ƙarshe ba za ka ji komai ba.

Me ya sa sauti ke lalacewa da an shiga taro

Wani abokina da ke koyarwa ta Zoom ya taɓa ce mini iyafis ɗinsa aljanu gare shi. Yana sauraron karatu, sauti garau. Da ya shiga aji sai ya koma kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Ba aljanu ba ne. Bluetooth na da hanya biyu ta ɗaukar sauti. Ɗaya ta sauraro ce zalla, mai kyau, kunne biyu, amma ba ta ɗaukar muryarka. Ɗayar ta kiran waya ce, tana kai da kawowa, sai dai an matse sautin sosai don ya ishi ɓangaren biyu. Duk manhajar da ta buɗe makirufon iyafis ɗin, ta tilasta masa komawa ta biyun.

A Windows 10 za ka ga sunan iyafis ɗin sau biyu a jerin, ɗaya da Stereo, ɗaya da Hands-Free. Windows 11 ya haɗe su, yana juyawa da kansa. Ko wanne kake da shi, dabarar ɗaya ce: shiga saitin sauti na Zoom ɗin ko WhatsApp ɗin, ka bar iyafis a matsayin abin ji, amma makirufo ka zaɓi na jikin laftof. Sautin zai dawo yadda ka san shi.

Akwai kuma ɗan jinkiri da ba ya rabuwa da Bluetooth, bai kai daƙiƙa ba, amma kunne na kama shi. A sauraron karatu ko waƙa ba ya damun kowa. A wurin taro da mai jawabi ke magana kai tsaye, ko kana gyaran bidiyo kana so baki ya dace da murya, ni shawarata ka ajiye kwalliya ka ɗauko kebul ɗin nan mai siririn kai ka jona. Ba kowane aiki ne ya dace da rashin kebul ba.

Kibod da linzami

Da farko tabbatar na Bluetooth ne. Yawancin linzamai da kibod marasa kebul da ke kasuwa ba Bluetooth suke amfani da shi ba, suna zuwa da nasu ɗan dongul, kuma da shi kaɗai suke magana. Buɗe gidan batir ka duba, a nan ake ɓoye shi. In ka same shi, cusa a USB, kunna linzamin, an gama, babu wata sanayya da za ka ƙulla. Ka dai kula da shi kamar ƙwayar ido, domin a masu arha in ya ɓata linzamin ya zama abin wasan yara. Wasu na Logitech ne ake iya saya wa wani dongul ɗin a haɗa su da manhajar kamfanin.

Na Bluetooth na gaske zai kasance da alamar a jikinsa da ɗan madanni a ƙasa. Danne shi har fitila ta fara ƙiftawa, ka bi matakan da muka bi a lasifika. Kibod ne ke da wani abu na daban. Kwamfuta za ta nuna maka lambobi, ta ce ka rubuta su. A kan sabon kibod ɗin za ka rubuta, ba a na laftof ba, sannan ka danna Enter. Ba za ka ga komai na fitowa a allo ba yayin da kake rubutawa, kada wannan ya sa ka tsaya.

Idan linzami na yawan sumewa, ka bar shi minti biyu sai ka yi ta girgiza shi kafin ya farfaɗo, fara da canja batir. In bai daina ba, koma Device Manager, buɗe Bluetooth, danna sau biyu a kan sunan na'urar Bluetooth ta kwamfutar. In akwai shafin Power Management, cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe ta don tattalin wuta.

Tura hoto da takarda daga waya

Waɗanda suka riƙe Nokia a farkon shekarun 2000 za su tuna yadda ake jera waya biyu baki da baki a kan tabarma, a hana kowa motsi, don a tura sautin kira ɗaya ta infared, hasken nan da ido ba ya gani wanda rimot ɗin talabijin ke aiki da shi har gobe. Da Bluetooth ya zo sai muka ga kamar an gama ci gaba. Yau kuwa shi ne mafi nawa a cikin hanyoyin tura kaya, amma yana da ranarsa: ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sauke wata manhaja.

Buɗe shafin Bluetooth a wayar Android ka bar shi a buɗe, domin yawanci a lokacin ne kawai wasu na'urori ke iya ganinta. A kwamfuta danna Add device, zaɓi sunan wayar. Lambobi shida za su fito a allon kowacce. Duba ka tabbatar iri ɗaya ne, ka amince a duka biyun.

Ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Ka zaɓi hoto a waya, ka tura, sai ta ce an kasa. Dalili shi ne Windows ba ya karɓar kaya sai ka fara gaya masa ya buɗe hannu. Danna Windows da R, rubuta fsquirt, danna Enter, zaɓi Receive files. Bar akwatin nan a buɗe yana jira, sannan ka koma waya ka danna alamar rabawa, ka zaɓi Bluetooth, ka zaɓi sunan kwamfutar. In ya gama zai tambaye ka inda za a ajiye, kada ka rufe kafin ka danna Finish. Daga kwamfuta zuwa waya kuma wannan akwatin ne dai, sai ka zaɓi Send files.

Yi lissafi kafin ka fara. A mafi kyawun hali abin da yake ɗauka bai wuce kusan kilobayit 250 a daƙiƙa ba. Hoto mai megabayit 3 zai ci daƙiƙa goma sha wani abu, babu laifi. Bidiyon biki mai gigabayit 1 kuwa zai haura awa guda, in ma bai yanke a hanya ba. Kuma iPhone ba ta tura fayil ta Bluetooth zuwa Windows ko Android, kada ka wahalar da kanka.

Kaya mai nauyi na Wi-Fi ne. Abin da ya sa Xender ke gudu a hannun masu tura finafinai a bakin kasuwa ke nan: waya ɗaya ce ke buɗe ɗan Wi-Fi nata, ɗayar ta shiga, kayan ya bi ta nan ba tare da ya taɓa datarka ba. Google ma na da Quick Share, wanda a da ake kira Nearby Share, yana cikin wayoyin Android, kuma akwai manhajarsa ta Windows. Shi da Bluetooth yake gano na'urar da ke kusa, sannan ya ɗora kayan a kan Wi-Fi, don haka sai ka kunna duka biyun a waya da kwamfuta. In kuma kebul ɗin cajinka mai ɗaukar data ne kuma yana kusa, gaskiya shi ya fi duka sauƙi.

Ba kwamfuta intanet daga waya

Kunna hotspot a saitin waya, sa masa suna da kalmar sirri, aƙalla harafi takwas, kuma ba lambar wayarka ba, wadda duk unguwa ta sani. A kwamfuta danna alamar Wi-Fi, zaɓi sunan, rubuta kalmar. In laftof ɗin tsoho ne kuma bai ga sunan ba, duba saitin hotspot ɗin, wataƙila yana kan gigahaz 5, mayar da shi 2.4. In kuma sabo ne kuma kana amfani da iyafis a lokaci guda, 5 ɗin ya fi, domin ya bar wa Bluetooth hanyarsa.

Da zarar ya haɗu, kafin ka buɗe komai, shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin a Settings ka kunna Metered connection. In ba haka ba Windows zai ɗauka intanet ɗin banza ya samu, ya hau sauke sabuntawa, datar wata guda ta tafi kafin ka idar da sallar la'asar. Ya taɓa ci na, shi ya sa nake nanatawa.

Firinta da talabijin

Manyan firintocin ofis marasa kebul da Wi-Fi suke aiki. In babu rauta a wurin, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, nemi Wi-Fi Direct a jikin firintar ka kunna. Za ta bayyana a jerin Wi-Fi na kwamfuta da suna mai farawa da DIRECT. Kalmar sirrin tana kan ɗan allonta ko a takardar bayanan da take bugawa, a tsofaffin HP da yawa 12345678 ce. Bayan ka shiga, je Printers & scanners ka danna Add device. Ka sani muddin kana kan Wi-Fi ɗin firinta, laftof ɗin ya saki hotspot ɗinka, don haka sauke takardar tukuna kafin ka juya.

Ƙananan firintocin rasit da masu shaguna ke amfani da su kuwa Bluetooth ne, da 0000 ko 1234. Bayan sanayyar sai ka shiga cikin manhajar da ke buga rasit ɗin ka zaɓe ta a can ma, in ba haka ba ba za ta motsa ba.

Talabijin mai Wi-Fi: buɗe wurin nuna allo a cikinta, danna Windows da K a kwamfuta, zaɓi sunanta. In ɗayansu bai san Miracast ba, wato tsarin da ake wannan aiki da shi, sai kebul ɗin HDMI.

In ya ƙi, ko yana yankewa

Ni ga yadda nake bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na fara matso da su kusa, taku ɗaya tsakani. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna cin saƙon, haka ma jikin mutum, domin ruwa na shanye wannan zango, mu kuwa yawancin jikinmu ruwa ne. Shi ya sa waya a aljihun baya take sa iyafis tsinkewa, da ka mayar da ita aljihun gaba ya daina. A ɗakin taro ma gwajin da ka yi da safe ba kowa zai iya ba ka kunya da yamma in an cika. Ɗora lasifikar da kwamfutar a sama, inda suke ganin juna ta kan mutane.

Sai in duba abin da ke jone a USB. Ramukan USB 3.0, masu shuɗin ciki, suna fitar da hayaniya daidai zangon 2.4, musamman in an jona babbar ma'ajiya ta waje. Kamfanin Intel da kansa ya fitar da bayani a kan haka a 2012. In dongul ɗinka na maƙwabtaka da irin wannan, mayar da shi ɗaya gefen, ko ka sa masa ɗan kebul na ƙari ya nisanta.

In an taɓa haɗuwa a da amma yau an rubuta Paired ya ƙi zama Connected, to mabuɗin sirrin ne ya saɓa, wataƙila an yi wa ɗayansu fomatin ko ƙwaƙwalwar lasifikar ta cika ta ture ka. Dannawa sau ɗari ba za ta gyara ba. Danna sunan a kwamfuta, zaɓi Remove device. In waya ce, ita ma shiga ka sa ta manta da kwamfutar, dole a goge a ɓangare biyu. Kashe kwamfutar ta hanyar Restart, domin Shut down a Windows na yanzu ba ya sauke komai gaba ɗaya. Sannan ka ƙulla sanayyar daga farko. Iyafis ɗin da kunne ɗaya ya daina yi kuwa, mayar da duka biyun cikin akwati, goge 'yan ƙarafan cajin da busasshen ƙyalle, rufe, ka sake fitowa da su tare.

Kafin ka tashi daga wurin

Canja wa wayarka suna a saitin Bluetooth. A wurin taro za ka iya ganin waya biyar masu suna iri ɗaya, ka tura takardarka ga wanda ba ka sani ba. Sai dai kada ka sa cikakken sunanka, duk wanda ke kusa yana iya karantawa. Saƙon neman haɗuwa da ya faɗo maka a tasha ko a kasuwa ba kai ka nema ba, ƙi shi. Ka kuma riƙa karɓar sabuntawar waya da kwamfuta idan ka samu Wi-Fi mai yalwa: a 2017 an gano wata ɓaraka da aka sa wa suna BlueBorne, wadda ke ba da damar kutsawa cikin na'ura ta Bluetooth ba tare da mai ita ya danna komai ba, kuma ta hanyar sabuntawa aka toshe ta.

In ka haɗa wayarka da lasifikar da ba taka ba, ta makaranta, ta majalisa, ko rediyon motar haya, goge sanayyar kafin ka bar wurin. Shiga jerin na'urorin da wayar ta sani, danna alamar saiti kusa da sunan, zaɓi Forget ko Unpair. In ka bar ta, duk ranar da ka gifta ana kunne da ita za ta iya cafke wayarka, saƙon muryar da ka buɗe don kunnenka ya fita a gaban jama'a. Ɗan Malam ma sai da na sa ya goge tasa a gabana, sannan na kashe lasifikar na sake kunnawa sau biyu, muka ga laftof ɗin take kamawa, kafin suka naɗe kayansu.